Kasuwan Magani: A Ɗauki Hoton Ɗorawa Tun Tana Tsaye

Idan aka tare ɗan Arewa mazaunin Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, aka ambata masa sunan Kasuwan Magani, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne hayaƙi da ƙonannun rumfuna. Ba laifinsa ba ne, abin da aka nuna masa ke nan. A ranar Alhamis, 18 ga Oktoba, 2018, ranar da kasuwar ke ci, rikici ya tashi a garin, 'yan sanda suka ce mutum 55 ne suka rasa rayukansu. Kafin gari ya waye hotunan gawawwaki sun riga sun iso Ikko da Fatakwal ta wayar hannu, ana ta miƙa wa juna. A watan Fabrairun wannan shekara ma an ƙone gidaje da shaguna a can. Dattawa kuwa suna tune da rigimar 1980, da ta Kafanchan a watan Maris na 1987, da ta Zangon Kataf a 1992. Duk waɗannan an ɗauki hotunansu, an buga, an adana.

To, ina hoton Kasuwan Magani na sauran ranakun shekara? Ina hoton ranar da aka yi ruwan shuka, ko ranar da aka fara kawo sabuwar masara kasuwa? Garin da mutane ke kwana suna tashi a cikinsa shekara da shekaru, a ce ba shi da hoto a idon duniya sai na ranar baƙin cikinsa, ai an zalunce shi. Zaluncin nan kuwa 'ya'yan garin da na kewayensa su ne ke da ikon gyara shi, musamman mazauna Kudu, domin yau babu aljihun da ba kyamara a cikinsa.

ƘASAR DA BA A NUNAWA

Kasuwan Magani tana cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru, a bisa hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Kujama ta nufi Kachia, daga can a zarce Kafanchan. Adara ne da Hausawa da Fulani da Gbagyi ke haɗuwa a kasuwar, kowa da abin da ya kawo. Wanda ya taso a Katsina ko Daura, in ya bi wannan hanya, zai ga ƙasa ta sake masa kama, domin ruwan da Kafanchan ke samu a shekara ya ninka na Katsina, damina kuma takan kama tun Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba.

Shekara a wannan yanki riga huɗu gare ta, ba wadda ta yi kama da wata. Da hunturi, hazo yakan lulluɓe duwatsun Kajuru har su koma kamar inuwa, rana ta fito jawur kamar faifai, mutum ya dube ta ido da ido. A lokacin ne gurjiya ke zubar da ganyenta kaf, ta fitar da jajayen furanni a jikin busassun rassa, maɗobiya kuma ta yi rawaya. Wutar daji ta bi ta cinye gamba, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, mai wucewa ya ce nan kam an gama. Ba a yi mako uku ba sai a ga doka ta tofo da sabon ganye ja mai sheƙi, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Da bazara ta matso, ɗorawa ta rataya furanninta ja masu kama da ƙwallo, ƙudan zuma na ta kai da kawowa, mangwaro ya nuna har yara su gaji da shi. Shamuwa ta iso, manomi ya san lokaci ya yi da zai duba garmarsa. Ruwan farko ya sauka, gina ta tashi da dare, da safe ƙasa na ƙamshi.

Cikin marka, rafin da yaro ke tsallakewa da rani sai ya hana babbar mota wucewa. Mata na tsintar kaɗe da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. A Matsirga, kusa da Kafanchan, ruwa na faɗowa daga kan dutse da rugugin da ake ji daga nesa, gajimare kuma ya sauko ya zauna a kan tsaunin Kagoro. Da kaka ta zo, sai launi ya koma na zangarniyar dawa, da masarar da aka shanya a kan fa, da cittar da aka tsaga aka baza a gefen hanya tun daga Kachia har Kwoi.

Duk wannan kyauta ce, ba a biyan ko kwabo kafin a gani. Amma a buɗe wayar mutum ɗari daga cikin waɗanda suka je gida Sallah ko Kirsimeti suka komo, a ƙirga. Hoton biki ne, da hoton sabon ɗinki, da hoton mutum ya jingina da motar da ba tasa ba. Abin mamaki, akwai wani gidan dutse mai kama da fadar sarakunan Turai na da, wanda wani Bajamushe ya gina a Kajuru cikin shekarun 1980. Mutane sun yi ta tasowa daga Abuja da Ikko don su ɗauki hoto a jikinsa. Ginin baƙo ya sami masu ɗaukarsa, ɗorawar da ta girme shi, wadda ta ciyar da unguwa guda da kalwa, ba wanda ya waiwaye ta.

ABIN DA KE TAFIYA BA SALLAMA

Wani zai ce, to mene ne na gaggawa, ai itace yana nan, dutse yana nan. Dutse dai yana nan. Amma duk mai bin hanyar Kaduna zuwa Kachia ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, kowane buhu kuwa itace ne da ya kwanta. Kaɗanya, saboda ƙarfin gawayinta, tana cikin waɗanda gatari ya fi nema, ga shi itace ce mai jinkirin girma, takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Maɗobiya an yi ta sare ta a jihohin tsakiyar ƙasar nan ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin jerin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa sai da izini. Kurmin da ke bin bakin rafi, inda tukurwa da kwakwar manja ke fitowa, kullum ƙara tsukewa yake yi don neman gona. A 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gonaki suka ruɓe a tsaye, manoman da suka ci bashi suka shiga uku.

Irin wannan asara ba ta zuwa rana ɗaya, shi ya sa ba ta shiga labarai. Itace ɗaya bana, biyu baɗi. Wanda ke zaune a garin ba ya lura, don idonsa ya saba. Wanda ke Kudu yakan zo bayan shekara uku ya ji wurin ya sake masa, amma ya rasa abin da ya ɓace. Sai gardama ta tashi a majalisa, wannan ya ce da akwai kurmi a bayan makaranta, wancan ya ce ƙarya ne, tun da can fili ne. Gani ya kori ji. Da akwai hoto ɗaya mai kwanan wata, da gardama ta ƙare, da kuma an san yawan abin da aka rasa.

Ba itatuwa kaɗai ba. Rumbun ƙasa mai hular ciyawa yana ba buhu da sito wuri. Ɗakin jinka ya koma kwano. Daɓen da ake yi da makuba, yaran yanzu ba su san shi ba. Ita kanta Kasuwan Magani, bayan ƙone-ƙonen 2018 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sake gina ta da bulo da siminti. Gini ya yi kyau, ba mai musu. Amma tsohuwar kasuwar, da rumfunanta na zana, da layin masu daddawa, da inda Fulani mata ke ajiye ƙwaryar nono, da inuwar da dillalan hatsi ke zama, wa ya adana kamanninta? Mutanen Kano sun ga irin wannan a 2010, sa'ad da aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya. An sake gina wata a wurin, amma mai son ganin ta asali yau sai dai ya nemi hoto.

Kafanchan kuwa ita ce babban darasi. Jirgin ƙasa ne ya yi garin. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Ibo da Yarbawa da Hausawa da mutanen ƙasar suka cika ta, kakannin masu karatun wannan shafi da yawa ta nan suka bi suka gangaro Kudu da shanu da goro a ransu. Yau a je tashar a gani. Taragai sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙarafa, itace ya tsiro a inda fasinja ke zama. Wannan ma abin ɗauka ne, kuma a ɗauke shi yadda yake. Tsatsar nan shaida ce a kan yadda aka yi da dukiyar jama'a, in an kwashe ƙarafan an sayar wa 'yan gwangwan, shaidar ta tafi ke nan.

MASU CEWA AIKIN BANZA NE

Akwai masu ganin wannan magana ta masu ƙoshi ce. Suna cewa mutanen da ke kwana da fargabar 'yan bindiga, waɗanda aka sace musu 'yan'uwa, waɗanda har Agom Adara, Maiwada Galadima, aka sace aka kashe a Oktoban 2018, ina su ina hoton fure? Maganarsu tana da nauyi, ba a kuma ce a rufe ɓarna da furanni ba. Ƙauyen da aka tashi, gonar da ta koma saura don mai ita ya gudu, coci ko masallacin da aka ƙone, duk a ɗauka, a rubuta rana da wuri. Abin da ake ƙi shi ne a ce hoton gawa kaɗai ne ke fita. Hoton gawa da wuya ya zo shi kaɗai, yakan zo da kalmomin da ke cewa ga waɗanda suka yi, a tashi a rama. Sau da yawa ma an sha kama hoton wata ƙasa dabam, ko na wata shekara, an liƙa masa sunan wani gari a Kaduna an watsa a WhatsApp da Facebook. Mazaunin Kudu kuwa ya fi kowa sanin hatsarin wannan, don in wuta ta tashi a gida, shi ne ke kwana da ido ɗaya a Mile 12 ko Shagamu.

Yaron da aka haifa a Obalende ko barikin soja na Ikeja, wanda bai taɓa ganin ƙasar iyayensa ba sai a irin waɗannan hotuna, da me zai so ta? In an ce masa gida, abin da ya sani shi ne wurin da ake kashe mutane. Ran da uban ya rasu, gonar gado sai a sayar ta waya. Amma yaron da ya ga rafin garinsu cikin rani da cikin marka, ya ga kakarsa tana tankaɗen garin ɗorawa, ya san sunan itacen da ke ƙofar gidansu, wannan yana da abin da zai koma nema. Daɗin daɗawa, damina ba ta da addini. Ruwan da ya jiƙa gonar Ba'adare shi ne ya jiƙa ta Bahaushe, ciyawar da ta fito kuma saniyar Bafillace ce ta ci. Hoton shekara a wannan ƙasa yana cikin 'yan abubuwan da mai zuwa coci da mai zuwa masallaci za su duba tare kowa ya ce nasa ne.

Wasu kuma ta fuskar addini suke jin nauyin abin. Malamai sun yi saɓani a kan hoton mai rai, wannan sananne ne, kowa ya bi malaminsa. Amma itace da dutse da ruwa da gajimare ba su cikin abin da ake jayayya a kai, har an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Duban halittar Ubangiji da lura da juyawar dare da rana kuwa, littattafan addinan nan biyu duk sun yi kira gare shi.

Masu ilmin zamani su ma suna da tasu. Sukan ce tun 1972 Amurka ke da taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton doron ƙasa, duk dajin da ya ragu an sani. Gaskiya ne. Amma tauraro daga sama kore kawai yake gani. Bai san wannan kaɗanya ce ko dalbejiya ba, bai san a gindinta ake raba gardamar aure ba, bai san sunanta da Adara ba. Wannan sai ɗan gari.

Abin da ake rainawa yau shi ne tarihi gobe. A 1943 an sami wani kan mutum na yumɓu a wajen haƙar kuza kusa da Jema'a, wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Da ya isa hannun Bernard Fagg, sai ya gane ɗan'uwan waɗanda aka tono ne a Nok tun 1928. Yau duniya ta san mutanen Nok sun yi wannan aiki fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ana kuma alfahari da su a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. A nan Ikko ma, J. D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hoton kitson mata a 1968, abin da kowa ke gani kullum a titi ba ya kula. Kafin rasuwarsa a 2014 ya tara wajen hoto 1,000, manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka suna nuna su, wasu kitson ma sai a hotunansa ake ganinsu yanzu. Bai je neman abin mamaki ba, naci kawai ya yi a kan abin da ke gabansa.

YADDA ZA A YI

Aikin ba ya bukatar kyamara mai tsada, naci yake bukata. Mutum ya zaɓi wuri ɗaya, ko gindin wani itace, ko mashigin rafi, ko ƙofar kasuwa, ko bayan gidansu. Ya tsaya a daidai inda ya tsaya, ya fuskanci inda ya fuskanta, ya ɗauka sau huɗu a shekara: bazara, damina, kaka, hunturi. In yana Kudu ba ya samun zuwa, ƙanensa da ke gida ya ɗauka ya aiko, kuɗin kati bai kai na goron da ake rabawa a ɗaurin aure ba. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, domin hasken tsakar rana yakan wanke launi ya bar hoto fari fat. A bar wani abu da ba ya gusawa a cikin hoton, kamar dutse ko gada, don a iya gwada na bana da na baɗi.

Sa'an nan a rubuta. Hoton da ba rana ba wuri maraya ne, kowa na iya liƙa masa ƙaryar da ya ga dama. A sa kwanan wata, da sunan unguwa, da sunan itacen da Hausa da kuma harshen mutanen wurin, ko Adara ne, ko Bajju, ko Atyap, ko Ham, domin sunayen nan ma suna bin tsofaffi kabari. Abu na uku, a wanke. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta a tashar mota, takan mutu da duk abin da ke cikinta. Tsofaffin hotunan da masu hoto na Kafanchan da Zonkwa suka wanke a takarda shekara hamsin da suka wuce har yanzu suna cikin akwatunan iyaye mata, alhali na wayar bara sun tafi. Waɗannan na akwati ma a fito da su, a sake ɗaukarsu, a tambayi tsofaffi su wane ne a ciki, kuma ina ne, tun ana samun mai amsawa.

Akwai ladabi da kiyaye kai. Ba a ɗaukar mutum, balle matar aure, sai da yardarsa. Baƙo ya fara gaida mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi, domin a wurin da aka sha wuya, mai yawo da waya yana ɗaukar hanyoyi ana iya zatonsa ɗan leƙen asiri ne. Kada a ɗauki shingen sojoji ko na 'yan sanda. Kada a kutsa daji don neman kyakkyawan wuri, abin da ke bakin gari ya isa. Wurin da mutanen gari suka ce na al'adarsu ne ba a shiga, a bar musu. Kuma kada wani ya mai da hoto takardar mallakar ƙasa ya tayar da sabuwar fitina, wannan aikin hukuma ne da kotu.

Ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro duk wata a Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, waɗanda ke tara kuɗi don kai gawa gida, suna iya ware kaɗan don wannan. Kalandar da suke bugawa duk shekara cike da fuskokin shugabanni, a gwada sa hoton gari wata goma sha biyu, kowane wata da kamanninsa. Malaman firamare su sa yara su riƙa bin itace ɗaya daga zangon farko zuwa na ƙarshe. Abin da aka tara a kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 don adana tarihin Arewa, ko ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke garin, ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ko Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya. Su kuma waɗannan wurare su buɗe ƙofa su karɓa, kada su ce sai hoton Gwamna da Razdan ne tarihi.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Neman abinci ne ya kawo mutane Kudu, ba ƙin gida ba, amma gidan ba ya tsayawa jiran kowa. Mai niyyar zuwa hutun bana, in ya sauka a Kasuwan Magani ranar Alhamis, bayan ya gama ɗaukar 'yan'uwa da sabon ɗinki, ya juya ya ɗauki ɗorawar bakin hanya, ya rubuta rana. In ya komo baɗi ya tarar da ita, ya sake ɗauka. In ya tarar da kututture, shi ma ya ɗauka, ya kai wa masu gari su gani.

Allah Ya zaunar da ƙasar lafiya, Ya ba da damina mai albarka.